Shata: Mawaƙin Gargajiya Ko Na Zamani?

Ni dai ban ga Alhaji Mamman Shata da idona ba, domin ya rasu ran 18 ga Yuni, 1999, tun ba a haife ni ba. A wurin kakana na san shi, can garinmu Ajingi, inda wata tsohuwar rikoda ke ajiye a zaure, kaset ɗinta duk sun ƙoshi da ƙura. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gardamar da ta kaure a ajinmu, yayin da wani abokina ya ce Shata mawaƙin gargajiya ne, zamani kuwa sai da fiyano ya zo. Ni a ganina ba haka zancen yake ba.

An haifi Shata a Musawa, ƙasar Katsina, wajen shekarar 1923. Bai gaji waƙa ba, hasali ma mahaifinsa ya ƙi jinin abin, don a lokacin ana ɗaukar kiɗa roƙo ne, kuma roƙo sai ɗan gado. Da tallar goro ya fara, yana waƙa a kasuwa da dandali don nishaɗi. Wannan shi ne mataki na farko: waƙar samari da 'yan mata, ba ubangida, ba fada.

Mai karatu ya lura da yadda kiɗa yake a wancan zamani. Kowane rukuni da makaɗansa. Sarakuna suna da masu kotso da taushi, irin su Ibrahim Narambaɗa wanda ya tsaya ga Sarkin Gobir na Isa. Manoma da nasu, 'yan dambe da nasu. Kalangu kuwa an fi saninsa da kiɗan mahauta da na 'yan mata. Shata ya ɗauki wannan kalangu da ake yi wa kallon raini, ya tafi da shi Bakori da Funtuwa da Kano, ya ƙi ɗaure kansa ga gida ɗaya. Ya yi wa attajiri, ya yi wa direba, ya yi wa ɗan bori, ya kuma shiga fada da shi har gaban Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Ashe kuwa wanda ya karya wannan shinge ba za a ce ya bi gargajiya sau da ƙafa ba.

Mataki na uku ya zo tare da faifan garmaho da gidajen rediyo na Kaduna da Kano. Daga nan mai sauraronsa ba sai wanda ya je biki ba. Manomi a Ajingi ko Gaya da ɗan kasuwa a Kumasi duk suna jin murya ɗaya. Shata ya gane haka, sai ya faɗaɗa abin da yake waƙa a kai. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yi wa sojoji waƙoƙin ƙarfafa zuciya. Da Amurkawa suka sauka a kan wata a 1969, ya yi waƙar Kumbo Apollo 11. Kakana ya ce a zaurensu daga bakin Shata mutane da yawa suka fara yarda da labarin.

Abin mamaki, duk wannan sauyi bai taɓa kayan kiɗansa ba. Kalangu ne da 'yan amshi, amshin gajere, ana ta nanata shi, shi kuwa yana zuba magana a kai nan take. Shi ya sa waƙa ɗaya, ko da Bakandamiya ce, in ka ji ta a kaset biyu sai ka tarar ba ta zo daidai ba.

Masana ba su yi barci a kansa ba. Ɗandatti Abdulƙadir ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta ba shi digirin girmamawa a 1988. A Daura aka binne shi.

Saboda haka ina ce wa abokina, zamani ba a jikin kayan kiɗa yake ba, yana ga wanda ya san mutanen lokacinsa ya kuma yi musu magana. Abin da ke damuna shi ne kaset irin na kakana suna lalacewa a zaurukan ƙauye, wasu kuwa ɗauka ce ta biki da babu irinta a ko'ina. Hutu mai zuwa zan kwaso namu in juye su, ina kuma roƙon 'yan ƙungiya kowa ya leƙa zauren gidansu.