Tasirin Ƙarin Kuɗin Ruwa na Babban Bankin Najeriya ga Tattalin Arziki, 2022 zuwa 2025

Tsakure

Daga watan Mayun 2022 zuwa Nuwamban 2024, Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa har sau 14, daga kashi 11.5 zuwa kashi 27.5 cikin ɗari. Duk da haka hauhawar farashi ta tashi daga kashi 17.71 a Mayun 2022 zuwa kashi 34.80 a Disamban 2024. Wannan maƙala ta bi diddigin matakan, bisa alƙaluman bankin da na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Ta nuna cewa ƙarin ya fi yin aiki ta fuskar darajar naira, ya tsananta wa masana'antu da baitulmali, sannan hannunsa bai kai sosai ga farashin abinci ba.

1.0 Ma'aunin da Masu Yanke Shi

Dokar CBN ta 2007 ta ɗora alhakin daidaita farashi a wuyan bankin, ta kuma kafa Kwamitin Tsara Manufofin Kuɗi mai mutum 12 a ƙarƙashin jagorancin gwamnan bankin. Kwamitin kan zauna kusan duk bayan wata biyu ya tsayar da ma'aunin kuɗin ruwa, wanda aka fara aiki da shi a Disamban 2006. A kewayen wannan adadi ne CBN ke ranta wa bankunan kasuwanci kuɗi na gajeren lokaci, yake kuma karɓar rararsu. Akwai makami na biyu da bai kamata a raba shi da na farko ba, wato ajiyar dole: kason da tilas kowane banki ya ajiye a CBN daga kuɗin da jama'a suka zuba masa, ba tare da ya juya shi ba.

A ka'ida, idan ma'aunin ya hau, bashi kan yi tsada, ajiya ta ƙara armashi, kashe kuɗi ya ragu, farashi ya lafa. Wannan ka'ida tana zaune ne a kan sharaɗin cewa yawancin masu saye da masu sana'a suna cin bashin banki, kuma yawan kuɗi a hannu ne tushen tsadar. A Najeriya kowane ɗaya daga cikin sharuɗɗan biyu rabi da rabi ya cika.

2.0 Yadda Matakan Suka Gudana

Zangon farko ya faro ne a zamanin gwamnan bankin Godwin Emefiele. Yaƙin Rasha da Yukren, wanda ya ɓarke a Fabrairun 2022, ya tayar da farashin alkama da takin zamani da dizal, Babban Bankin Amurka kuma ya soma ƙara nasa kuɗin ruwan a watan Maris. CBN ya bi sahu a Mayu da kashi 13, ya kai 16.5 a Nuwamba, sannan 18.5 a Mayun 2023. Sai dai a daidai lokacin da bankin ke cewa yana tsuke bakin aljihu, yana ci gaba da ranta wa Gwamnatin Tarayya kuɗi kai tsaye. Sashe na 38 na dokar 2007 ya ƙayyade cewa irin wannan rance kada ya wuce kashi 5 na kuɗin shigar gwamnati na shekarar da ta gabata, amma ya taru har ya kai naira tiriliyan 22.7, wanda Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashin dogon zango a Mayun 2023. Ban da wannan, bankin yana raba rance mai rahusa, kamar na shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Jihar Kebbi a Nuwamban 2015. Tufka da warwara ke nan, shi ya sa ƙarin wannan zango bai taɓuka abin kirki ba.

A zango na biyu abubuwa biyu suka auku cikin mako uku. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, a Yuli ta haura 600. Ranar 14 ga Yuni aka haɗe kasuwannin canji, dala ta bar wajen naira 460 ta doshi 750. Kwamitin ya yi ɗan ƙari zuwa 18.75 a Yuli, bai sake zama ba sai Fabrairun 2024. A wannan tazara ta wata bakwai hauhawar farashi ta kai kashi 28.92 a Disamba, ta yi wa ma'aunin fintinkau da maki goma. Duk mai riƙe da naira a lokacin asara yake tafkawa, don haka mai hali ya koma dala.

Zango na uku shi ne na Olayemi Cardoso, wanda ya karɓi ragama a Satumban 2023. A zamansa na farko, Fabrairun 2024, kwamitin ya ƙara maki 4 a tashi ɗaya zuwa 22.75, ya kuma ɗaga ajiyar dole daga kashi 32.5 zuwa 45. Ƙari ya biyo baya a kowane zama na shekarar: 24.75 a Maris, 26.25 a Mayu, 26.75 a Yuli, 27.25 a Satumba, 27.5 a Nuwamba. A Satumban ne ajiyar dole ta kai kashi 50, wato a duk naira 100 da aka kai banki, 50 na kwance a CBN. Bankin ya kuma janye hannunsa daga raba rancen noma da na masana'antu.

3.0 Inda Tasirin Ya Biyo

Kasuwar canji ce ta fara amsawa. A Fabrairun 2024 dala ta kusa naira 1,900 a kasuwar bayan fage, 'yan canjin Wapa a Kano da na Zone 4 a Abuja suna sauya farashi sau da yawa a wuni guda. Da ribar takardun lamunin gwamnati na shekara ɗaya ta haura kashi 20, masu zuba jari daga waje suka fara shigo da dala don saye, CBN kuma ya sanar a Maris cewa ya biya sahihan basussukan canji da suka taru a kansa. Naira ta farfaɗo zuwa ƙasa da 1,200 a Afrilu, ta sake zamewa, daga baya ta tsaya tsakanin 1,500 da 1,700 har ƙarshen shekara. Asusun ajiyar ƙasar na waje ya haura dala biliyan 40 a ƙarshen 2024. A ƙasar da ke shigo da alkama da magani da kayan gyara, tsayawar canji ita kanta magani ce ga farashi, kuma a nan ne ƙarin ya fi cin nasara. Abin lura shi ne irin wannan jari baƙo ne mai saurin tashi, riba ce ta kawo shi, ranar da ta ragu yana iya kama hanya.

Ta fuskar bashi kuwa, tasirin mai zafi ne amma a taƙaitaccen da'ira. Kuɗin ruwan da bankuna ke cajin ƙananan kamfanoni da matsakaita ya kai wajen kashi 30 a 2024. Masana'antar robobi ko ta sarrafa shinkafa a Sharaɗa ko Challawa da ta ranci naira miliyan 100 don sayen ɗanyen kaya, sai ta ware miliyan 30 a shekara na ruwa kaɗai, kafin kuɗin dizal da wuta da albashi. Ko dai ta ɗora a kan farashin kayanta, ko ta rage aiki. Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Najeriya ta sha kokawa kan haka. A nan ƙarin kuɗin ruwa, maimakon ya rage tsada, kan zama wani sashe na kuɗin sarrafa kaya.

Mafi yawan harkokin kasuwa kuma ba ta banki suke bi ba. Dillalin hatsi a Dawanau da jarinsa yake saye, ko da na ubangidansa. Ɗan kasuwar Kantin Kwari kan karɓi dilar atamfa a kan amana, ya biya bayan ya sayar. Mai ƙosai adashi take zubawa, manomi kan ci bashin damina ya biya da hatsi da kaka. Binciken ƙungiyar EFInA na 2023 ya nuna kashi 26 na manyan mutane a Najeriya ba su hulɗa da kowace kafar hada-hadar kuɗi, a Arewa maso Yamma kuwa adadin ya kai kashi 47. Ga kuma ɗimbin Musulmi da ke guje wa bashi da ruwa saboda addini. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, ba su tsira gaba ɗaya ba, domin ribar da suke ɗorawa a cinikin murabaha tana duba abin da kasuwa ke bayarwa.

Mai ajiya ma bai ga sauyin da ka'ida ta yi alkawari ba. CBN ya tsayar cewa ruwan asusun ajiya kada ya gaza kashi 30 na ma'aunin, abin da ya kama kashi 8.25 a ƙarshen 2024. Wanda ya ajiye naira 100,000 zai tarar da kimanin 108,000 bayan shekara, alhali kayan da ya saba saye da 100,000 sun koma wajen 134,000. Ribar gaske ta tafi ga bankuna da asusun fansho da manyan masu kuɗi da ke iya sayen takardun lamuni, gwamnati kuma ita ke biya daga kasafin da ya kamata ya tafi asibiti da makaranta.

4.0 Matsalar Abinci

A tsohon ma'aunin Hukumar Ƙididdiga abinci ya ɗauki fiye da rabin kwandon kayan da ake auna hauhawar farashi da su, kuma a Yunin 2024 hauhawar farashinsa ta kai kashi 40.87. Musabbabanta a fili suke. 'Yan bindiga sun hana noma a sassan Zamfara da Katsina da Kaduna da Neja. Ambaliya ta cinye gonaki a 2022, ta sake a 2024, shekarar da madatsar Alau ta ɓalle kan Maiduguri. Kuɗin mota ya ninka bayan janye tallafi. Faɗuwar naira a gaban sefa ta sa hatsin Najeriya ya yi arha ga 'yan kasuwar ƙetaren iyaka, ya riƙa fita ta Jibiya da Illela. Cikin waɗannan, na ƙarshen ne kawai kuɗin ruwa ke iya taɓawa. Ba ya mayar da manomi gonarsa, ba ya gyara hanya.

Jamhuriyar Nijar ta ba da abin kwatance. Ma'aunin kuɗin ruwa na babban bankin ƙasashen sefa na yammacin Afirka, BCEAO, wanda Nijar ke cikinsu, bai wuce kashi 3.5 ba a duk wannan lokaci, domin an ɗaure sefa da yuro a kan 655.957. Inda ba a fargabar rushewar kuɗi, ba a buƙatar sayen amincin masu jari da tsada haka.

5.0 Saukowar 2025

A farkon 2025 Hukumar Ƙididdiga ta sauya shekarar da take ɗora lissafi a kai daga 2009 zuwa 2024, ta rage nauyin abinci zuwa kimanin kashi 40. Adadin Janairu ya fito kashi 24.48. Wannan faɗuwa ta maki goma ta lissafi ce, ba a kasuwa ta auku ba, kuma kuskure ne a jingina ta ga kwamitin. Saukar da ta biyo baya, zuwa kashi 20.12 a Agusta, ita ce ta haƙiƙa, kuma hannu da yawa ne suka kawo ta: tsayawar naira, kyawun damina, dakatar da harajin shigo da wasu hatsi na kwana 150 da gwamnati ta sanar a Yulin 2024, da fara samun fetur daga matatar Ɗangote. A shekarar ne, karon farko cikin dogon lokaci, ma'aunin ya zarce hauhawar farashi. Kwamitin ya bar shi a 27.5 har zama uku, sannan a Satumba ya rage zuwa 27, ya mayar da ajiyar dolen bankunan kasuwanci kashi 45.

Alƙaluman sun goyi bayan ƙarin 2024, domin barin naira ta ci gaba da zubewa da ya fi muni ga talaka. Ba su goyi bayan jinkirin 2023 ba, wanda ya sa aka sha maganin da ɗaci fiye da kima. Saurin da za a iya saukowa daga nan ya rataya ne a kan gwamnati: ta tsaya a iyakar sashe na 38, ta rage gogayya da 'yan kasuwa wajen cin bashin cikin gida, ta samar da tsaron da manomi zai koma gona. Kafin hakan ya tabbata, masana'antun Kano da Kaduna za su ci gaba da biyan ruwan da ribarsu ba ta kai ba.