Tarihin Muhawara Kan Gado da Reno a Halayen Yara

Binciken ko gado ne ko reno ke gina halayen ɗan Adam, muhawarar da ta shafi munanan halayen yara irin su yawan faɗa da taurin kai da sata, ya soma ɗaukar salon kimiyya ne a Ingila a hannun Francis Galton, wanda ya nazarci tagwaye a shekarar 1875 ya kuma yanke hukunci cewa gado ya fi reno ƙarfi. Wannan ra'ayi na cewa hali zanen dutse ne ya haifar da mummunan sakamako, domin tun daga dokar jihar Indiyana ta 1907 jihohin Amurka da dama suka halatta yi wa mutanen da aka ɗauka gurɓatattun iri tiyatar hana haihuwa bisa tilas, har abin ya shafi fiye da mutum 60,000. A ɗaya ɓangaren kuwa, masanin halayyar ɗan Adam John Watson ya yi iƙirarin cewa horo kaɗai ke gina yaro, ra'ayin da ya ɗora wa iyaye nauyin duk wani aibin 'ya'yansu.

Hujjar da ta raunana wannan rabuwa tsakanin gado da reno ta fito ne daga garin Dunedin na ƙasar Niyuzilan, inda masana suka bi rayuwar yara 1,037 da aka haifa tsakanin 1972 da 1973 tun suna ƙanana har suka manyanta. A shekarar 2002, Avshalom Caspi da Terrie Moffitt da abokan aikinsu suka duba wata ƙwayar gado mai suna MAOA, wato umarnin halitta da ɗa ke karɓa daga iyaye wanda ke sarrafa sinadarin da ke rushe wasu sinadaran isar da saƙo a ƙwaƙwalwa. Sun gano cewa yara maza masu nau'in ƙwayar mai rauni, idan aka gana musu azaba a ƙuruciya, kashi 85 cikin ɗari sun nuna halin keta haƙƙin mutane daga baya, alhali masu irin wannan nau'in da suka tashi cikin kulawa ba su fi sauran yara matsala ba. Binciken da ya biyo baya bai samu sakamako iri ɗaya ko'ina ba, shi ya sa masana a yau suka fi karkata ga cewa ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa ne ke aiki tare, kowacce da ɗan tasirinta.

Gidajen marayu na Romaniya, waɗanda duniya ta ga halin da suke ciki bayan faɗuwar shugaban ƙasar Ceausescu a 1989, sun ƙara haskaka lamarin. Masani Michael Rutter ya bi yaran waɗannan gidaje da iyalai a Birtaniya suka ɗauka riƙo, ya tarar waɗanda aka fitar kafin su cika wata shida sun taso kamar sauran yara, amma da yawa daga waɗanda suka daɗe a gidajen sun ci gaba da fama da rashin natsuwa da wahalar shaƙuwa da mutane.

Wannan tarihi ya tabbatar da cewa gado yana ƙara wa yaro haɗarin faɗawa matsala amma ba ya yanke masa hukunci, don haka kare yara daga duka da sakaci tun suna jarirai shi ne wajibi na farko a kan iyaye da malamai da hukumomi.