Daga Jirgin Kara Zuwa Jet Mai Rimot

A Misau da Azare da ƙauyukan da ke tsakaninsu, da zarar an gama girbi kara ya bushe, yara kan fere ɓawonsa, su yayyanka totuwar, su harhaɗa mota ko jirgin sama. Jirgin yana da fiffike da wutsiya, har da farfela, sai dai ba ya tashi. Abu biyu ya rasa: inji marar nauyi, da hanyar sarrafa shi daga ƙasa. An daɗe a duniya ana neman waɗannan biyun.

Sarrafawar aka fara samu. A 1898 Nikola Tesla ya nuna wa mutanen New York wani ɗan jirgin ruwa da yake juyawa da siginar rediyo, babu waya. Wajen ƙarshen shekarun 1930 wasu tagwaye a Amurka, Walter da William Good, suka tayar da ƙaramin jirgin sama ta wannan hanya. Kafin nan Kanawa sun riga sun ga manyan jirage, domin a Nuwamban 1925 wasu guda uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano.

Injin jet ne ya ba da wahala. Babban jirgin jet na farko ya tashi a Jamus a 1939, amma ƙanƙantar da injinsa ya ɗauki sama da shekara 40. Injin yana zuƙar iska ya matse ta, ya ƙona mai a cikinta, sannan ya feso ta baya da ƙarfi. Idan ya ƙanƙance, dole fankarsa ta yi juyi sama da 100,000 a minti ɗaya kafin ta matse iskar yadda ya kamata, ga zafin da ke iya lanƙwasa ƙarfe. Wasu 'yan Ingila sun tayar da irinsa a 1983, amma wanda ya buɗe wa kowa ƙofa shi ne Bajamushe Kurt Schreckling, wajen 1990. Da kayan aikin gida ya ƙera nasa. Fankar matse iskar ta katako ce da ya naɗe da zaren kabon, gangar jikin kuma gwangwanin gas ne. Da ya gama sai ya rubuta littafi ya bayyana komai, kuma a ganina wannan ya fi injin daraja.

Har yau ƙaramin injin jet da ke shan kananzir yana da tsada ƙwarai. Abin da ya sauko da jet zuwa hannun talaka shi ne batirin litiyom, ɗan'uwan na wayar hannu, da ƙananan injinan lantarki masu saurin juyi, waɗanda suka yaɗu bayan shekarar 2000. Ana ɓoye fanka cikin bututu a cikin jirgin, ta riƙa hura iska ta baya. Siffar ta jet ce, gudun ma ba laifi, amma batirin 'yan mintoci kaɗan yake yi. Jikin kuwa ana iya yanka shi daga farin soson nan da ake kunsa firji da talabijin.

Mu ma ba hannu rabbana muka zauna ba. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero mai shekara 24, ya haɗa helikwafta da injin Honda Civic da tarkacen tsofaffin motoci, har ta ɗaga kimanin ƙafa bakwai. A Kaduna, Rundunar Sojan Sama ta ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai suna Gulma a Disamban 2013, sannan Tsaigumi a Fabrairun 2018. Ilimin da ke riƙe su a sama shi ne dai wanda mai ƙaramin jirgi ke koyo a filin ƙwallo.

Kuma ilimi ne na awo. Kafin a kunna inji, maƙerin kan ɗora jirgin a kan yatsunsa biyu, ƙarƙashin fiffike, kamar kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku daga gabansa idan fiffiken miƙaƙƙe ne. In wutsiya ta rinjaya, yana tashi zai ɗaga kai ya kife. Sai a matsar da batiri gaba kaɗan, a sake gwadawa. A ƙasarmu akwai ƙarin lissafi: iskar bazara mai zafi ba ta ɗaukar fiffike kamar mai sanyi, batiri ba ya son rana, yashi kuma yana cin fanka. Shi ya sa sassafe ya fi dacewa da gwaji.

Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya (NCAA) ta ce sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro za a tayar da jirgi marar matuƙi. Dalilin tsaro a bayyane yake, amma yaro ɗaya a Misau ba zai iya bin wannan layi har Abuja ba. Makarantar sakandare ko kwaleji za ta iya. Ta nemi izinin da sunanta, ta ware fili nesa da gidaje da wayoyin lantarki, ta sayi rimot guda da ɗalibai za su riƙa karɓa-karɓa, ta kuma gayyato masu gyaran waya na kasuwa su koya musu haɗa wayoyi da dalma.