Daga wayar rediyo zuwa akwatin wifi a Tamaske

Tamaske gari ne na 'yan kasuwa da matafiya, a kan hanyar Tawa zuwa Keita, cikin duwatsun Adar. Da wuya ka shiga gidan da ba shi da ɗa a Kano, Jos ko Abijan, don haka neman labarin na nesa tsohuwar buƙata ce a wurinmu. Iyayenmu da wasiƙa suka fara, a kai wa malami ya rubuta, a ba direba. Daga baya kaset ya zo: tsohuwa ta zauna gaban rikoda ta zayyana gaisuwa, da wanda ya haihu, da wanda ya rasu, da yadda damina ta yi, amsa kuwa sai bayan wata ko fiye.

Rediyo ne ya fara koya mana sha'anin zango. BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, gidan rediyon Nijar ya soma aiki a 1958, Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979. Babana yana da akwati mai cin batir huɗu, kuma ya ɗaura siririyar waya daga eriyarsa zuwa reshen dogon yaro da ke tsakar gida. Idan maƙwabta suka zo gardamar wane akwati ya fi kamawa, abin da yake ce musu shi ne su ɗaga wayarsu sama tukuna. Yana da gaskiya. Shirin gajeren zango sama yake tafiya, ya daki wani ɓangare na sararin samaniya ya dawo ƙasa, shi ya sa tsauni bai hana mu jin tashoshin Turai ba. FM kuwa a miƙe yake tafiya, dutse na tare shi. Wanda ke cikin kwari ya san haka tun kafin a yi masa bayani.

Salula ma haka ta zo da nata. Celtel ta fara aiki a Nijar a 2001, ta koma Zain a 2008, sannan Airtel a 2010. Orange ta shigo a 2008, daga baya ta koma Zamani. Kafin ƙarafan rezo su yawaita a yankin, na sha ganin dattawa da rawaninsu suna hawa tudu da yamma, waya a sama, suna jiran layi ɗaya ya fito don su ji muryar ɗa. Har yau ina girmama wannan haƙurin.

Yanzu gardamar ta koma kan akwatin wifi, a shaguna da majalisun shayi. Matasa na ƙirga ƙahonin na'ura, wai mai huɗu ta fi mai biyu kai wa nesa. Ban yarda ba. Akwatin da ake sa wa layin waya ba ya ƙera rezo, abin da ya samu daga ƙarfe shi yake rabawa, kamar mai ga-ruwa da ba ya ba ka fiye da abin da ya ɗebo a rijiya. Sannan yawancin na'urorin zango biyu gare su. Na gigahaz 2.4 ya fi ratsa bango da kai wa nesa, amma bai kai ɗayan sauri ba. Na gigahaz 5 ya fi sauri, sai dai bango ɗaya ko biyu ya ishe shi. Gidajenmu kuwa an gina su ne don tare zafi: katangar laka mai kauri, ƙofar ƙarfe, wani wurin rufin kwano. Laka na shanye ƙarfin siginar, balle da damina in ta jiƙe, ƙarfe kuma yana mayar da ita baya. Na ga akwati mai tsada a ƙuryar ɗaki bai kai zaure ba, na kuma ga mai araha an rataye shi sama a inuwar rumfa ya wadaci gida duka, har ɗakin amarya da ke can baya.

Tun Maris na 2025 Starlink ta fara aiki a Nijar. Farantinta sama yake kallo, don haka duwatsun Adar ba sa tare shi. Amma akwatin da ke raba wifi cikin gida har yanzu da katangarmu yake fama.

Mai karatu, in za ka saya, kada ka tsaya kan rubutun kwali. Roƙi mai shago ya bari ka gwada a gidanka, ka rataye na'urar sama a tsakiyar gida inda rana ba ta dukanta, ka zaga ɗaki-ɗaki da wayarka, sannan ka biya.