Ikko: Birnin da Bakin Teku Ya Gina

Legas, wadda Yarbawa ke kira Eko, Hausawa kuma suka mayar Ikko, ta faro ne daga wani ɗan tsibiri tsakanin Tekun Atlantika da wani makeken tafki. Awori, wani reshe na Yarbawa, su suka fara zama a wurin, suna su suna noma. Wajen ƙarni na 16 daular Benin ta shimfiɗa ikonta zuwa tsibirin, kuma daga nan sarautar Oba na Legas ta samo tushe. Sai dai sarauta daban, ƙasa daban: filaye sun ci gaba da zama a hannun hakiman Idejo, masu fararen huluna. Sunan Legas kuwa Turawan Fotugal ne suka raɗa, ma'anarsa tafkuna.

Arzikin garin na farko ba abin alfahari ba ne. Daga zamanin Oba Akinsemoyin, a ƙarni na 18, fataken bayi suka samu gindin zama, kuma da yaƙe-yaƙe suka ɓarke a ƙasar Yarbawa bayan rushewar daular Oyo, sai Ikko ta zama ɗaya daga manyan ƙofofin fitar da mutane. Cikin waɗanda aka loda a jirage har da Hausawa masu yawa, da aka kai Bahia ta ƙasar Brazil. A watan Disamba na 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin ruwan wuta, suka kori Oba Kosoko, suka mayar da Akitoye kan gado bisa alƙawarin hana cinikin bayi. A 1861 ɗansa Dosunmu ya sa hannu, ba a son ransa ba, ya miƙa garin ga Ingila. Manja ya maye gurbin bayi a bakin ruwa.

Daga nan jama'ar garin ta zama haɗin gambiza. 'Yantattun bayi suka dawo daga Saliyo, ana ce musu Saro, suka riƙe aikin malanta da akawu. Waɗanda suka dawo daga Brazil, wato Aguda, magina ne da kafintoci, kuma har yau ana ganin hannunsu a Masallacin Shitta-Bey da aka buɗe a 1894. A 1863 wani Baturen Ingila, John Glover, ya tara wasu Hausawa da suka kuɓuta daga bauta ya kafa 'yar runduna, wadda daga ita ake lissafa asalin sojan Najeriya.

A wancan lokacin tashar jiragen ruwan garin tana da naƙasa: tudun yashi ya tare bakin shiga, manyan jirage sai su tsaya can cikin teku, ƙanana su riƙa jidar kaya. Sai da aka gina katangun duwatsu cikin teku a farkon ƙarni na 20, aka yashe mashigar, sannan aka kafa tashar Apapa. Filin Apapa ɗin ma ya jawo shari'a. Amodu Tijani, mai riƙe da sarautar Oluwa, ya kai ƙara har Landan, kuma a 1921 aka yanke cewa dole gwamnati ta biya diyyar ƙasar. A daidai wannan zamani layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912. Dalar gyaɗar nan da ake tutiya da ita a Kano, da auduga, da fatu da ƙiraga, ta Apapa suke barin ƙasa. Goro kuma ya haura arewa, abin da ya sa Agege ta zama zango na Hausawa mai sarkinsa.

Da aka haɗe kudu da arewa a 1914, Legas ta zama babban birnin Najeriya. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ƙirƙiri Jihar Legas a 1967. Kuɗin man fetur ya kawo bunƙasa da ta fi ƙarfin garin: a 1975 ɗaruruwan jirage maƙare da siminti suka yi cirko-cirko a bakin teku wata da watanni, ba wurin sauke kaya, wanda ya gaggauta gina tashar Tin Can da aka buɗe a 1977. Cunkoso na cikin dalilan da suka sa Janar Murtala Muhammed ya yanke shawarar kafa Abuja a 1976, kuma gwamnatin tarayya ta tare can ranar 12 ga Disamba 1991.

Gwamnati ta tashi, kasuwa ba ta bi ta ba. Manyan bankuna da kasuwar hannun jari suna nan, haka masana'antun Ikeja da kasuwar kayan lantarki ta Alaba, inda 'yan kabilar Ibo suka yi kaka-gida. A kasuwar Mile 12, tun kafin asuba tireloli daga arewa ke sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa, 'yan dako na ta kai-komo cikin taɓo, ana ciniki da Hausa da Yarbanci a baki ɗaya. Yawan mutanen ma abin gardama ne: ƙidayar 2006 ta ba jihar kimanin miliyan 9, gwamnatin jihar ta ce sun haura miliyan 17. Talaka ne ke ɗanɗana kuɗar wannan cunkoso, kamar mazauna Makoko da ke kwana a gidajen katako bisa ruwa. Yanzu garin ya miƙa gabas zuwa Lekki, inda a 2023 aka buɗe sabuwar tasha mai zurfi, aka kuma ƙaddamar da matatar man Dangote mai ƙarfin tace ganga 650,000 a rana.