Agajin Gaggawa da Kayan Kariya a Tarihin Annobar Ƙasar Kano

Agajin gaggawa a lokacin annoba ko babban haɗari aiki ne mai fuska biyu: ceton mutane da yawa a lokaci guda, da kuma tsare mai ceton kada ya kwashi cutar ya kai gida. A gabashin Kano, majinyacin da ciwonsa ya fi ƙarfin ɗakin shan magani na ƙauyensa a Ajingi ko Gaya, babban asibitin Gaya ake fara kai shi. In abin ya gagara, sai a bi hanyar Wudil a shiga birni, zuwa Asibitin Murtala, ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Asibitin Zana idan cutar mai yaɗuwa ce. Saboda haka tarihin wannan aiki a yankin ɗaure yake da na asibitocin birni.

A da, babbar dabarar da aka sani ita ce warewa. Mai agana ko kuturta ana keɓe shi daga jama'a, amma mai jinyarsa ba shi da wata kariya. Rigakafi ne ya kawar da agana: an fara gangamin allurarta a Afirka ta Yamma a 1967, aka ga ƙarshenta a Najeriya a 1970. Ba a jima ba kwalara ta shigo ƙasar, ta yi ɓarna a 1971, ta sake dawowa da ƙarfi a 1991, inda ta kashe mutane fiye da 7,000. Ita ce ta koya wa ma'aikatan lafiya tsarin sansani: gado mai huda da bokiti a ƙarƙashinsa, ƙarin ruwa ta jijiya ga wanda ya galabaita, ruwan gishiri da sukari ga mai iya sha, da kulorin mai ƙarfi daban-daban na wanke hannu, na wanke ƙasa, da na zubawa a kan amai da bahaya.

Gargaɗi kan haɗarin da ke kan mai magani ya zo tun kafin haka. A 1969 aka gano wani zazzaɓi a garin Lassa na ƙasar Borno, waɗanda suka fara mutuwa kuwa ma'aikatan jinya ne na mishan. A 1970 likita Jeanette Troup ta yanke a yatsa tana binciken gawa a Jos, ta kamu, ta rasu. Duk da haka an daɗe ana ɗaukar safar hannu a matsayin kayan ɗakin tiyata kaɗai.

Sankarau na 1996 shi ne gwaji mafi tsanani. Cutar tana tashi da rani, lokacin ƙura da zafi, kuma a wannan shekara ta kama mutane fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000, ga ƙyanda da kwalara sun haɗu da ita. Asibitin Zana ya cika har ana kwantar da yara a ƙasa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi aiki a wurin da allurar kuloramfenikol mai mai, wadda sau da yawa guda ɗaya take isa, abin da ya dace da wurin da majinyata suka ninka ma'aikata. A cikin wannan hali ne kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, a wani gwaji da ya ƙunshi 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Shari'ar da ta biyo baya ta ƙare da sulhu a 2009 a kan dala miliyan 75, kuma daga cikin kuɗin aka gina cibiyar lafiya ta Kwanar Dawaki. Babbar asarar ita ce ta amana, domin zargin da ya shiga zukatan iyaye ya taimaka wajen dakatar da allurar shan inna a Kano a 2003.

Hare-haren 20 ga Janairu 2012, da suka kashe aƙalla mutum 185 a Kano, da na Babban Masallacin Juma'a na birni ranar 28 ga Nuwamba 2014, sun fito da ɗaya fuskar aikin. A irin wannan rana waɗanda suka fara isa wurin su ne maƙwabta, da 'yan agajin ƙungiyoyin addini, da 'yan Red Cross, da direbobin a-daidaita-sahu da a-kori-kura. Da hannu tsirara suke ɗaukar masu zubar da jini, alhali jini yana iya ɗauke da ciwon hanta ko ƙanjamau. A ƙofar asibiti kuma ƙa'ida ita ce tantancewa da launi: ja ga wanda zai mutu in ba a taɓa shi nan take ba, rawaya ga mai iya jira kaɗan, kore ga mai tafiya da ƙafarsa, baƙi ga wanda ya riga ya cika. Tsari ne mai nauyi a zuciya, domin yana tilasta wa ma'aikaci ya wuce mai ihu ya nufi wanda ya yi shiru.

Cikakkiyar rigar kariya ta zama sananniya ne a 2014, lokacin da Ebola ta shigo Legas a watan Yuli, ta kama mutum 20 a Najeriya, ta kashe 8, ciki har da likita Ameyo Adadevoh. Cutar ba ta iso Kano ba, amma horon ya iso. Kayan sun haɗa da riga mai rufe jiki duka, safar hannu biyu, takunkumi, tabarau da takalmin roba. Sakawa ba ta kai cirewa haɗari ba, domin a lokacin cirewa ne hannu yake taɓa bayan rigar da ya gurɓata. Shi ya sa ake tsayar da wani yana kallo yana faɗin mataki bayan mataki, ana wanke hannu a tsakani. A zafin Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, mutum ba ya wuce kamar awa ɗaya a ciki. Gumi yana taruwa a takalmi, tabarau yana yin hazo, neman jijiya da safa biyu yana wuya, majinyaci kuma ba ya ganin fuskar mai yi masa magana. Wannan na nufin ɗakin da ma'aikata kaɗan ke riƙewa a kullum yana bukatar ninkinsu a lokacin annoba.

Shekarar 2020 ta haɗa komai. A Janairu likitoci biyu na Asibitin Malam Aminu Kano suka rasu da zazzaɓin Lassa bayan tiyatar haihuwa da aka yi wa wata mata da ba a san tana ɗauke da cutar ba. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da korona a Kano. Cikin makonni kaɗan masu haƙa kabari suka fara ba da labarin yawan gawarwaki, ɗakin gwajin cutar ya tsaya na ɗan lokaci, asibitoci masu zaman kansu da dama suka rufe don rashin kayan kariya, masu hawan jini da ciwon sukari suka rasa wurin zuwa. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mace-mace 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da korona. An killace majinyata a filin wasa na Sani Abacha da kuma cibiyar Kwanar Dawaki, wato wadda aka gina da kuɗin sulhun Trovan. Wankan gawa ma ya shiga lissafi, aka riƙa jan hankalin masu yi su sa safa da takunkumi.

Mashaƙo da ya ɓarke daga ƙarshen 2022, wanda Kano ta fi kowace jiha yawan masu kamuwa da shi, da gobarar tankar mai a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, wadda ta kashe fiye da mutum 150, sun nuna bukatar ba ta ragu ba. Rauni mafi girma har yanzu yana matakin farko, a ɗakin shan magani na ƙauye da cikin motar haya da ke kai majinyaci birni. Kayan kariya da horon amfani da su sun fi yawa a manyan asibitocin Kano, alhali ma'aikacin Gaya ko Ajingi ne ke fara taɓa marar lafiya tun kafin a san sunan cutarsa.