Riba da Daraja: Nazari a kan Kamfanin Meta a Kasuwar Hannun Jari, 2012 zuwa 2024

A ranar 18 ga Mayu, 2012, kamfanin Facebook ya fara sayar da hannun jarinsa ga jama'a a kasuwar Nasdaq da ke birnin New York. An sa kowane hannun jari a kan dala 38, abin da ya kai darajar kamfanin baki ɗaya wajen dala biliyan 104. Alhali ribar da ya ci a shekarar 2011 dala biliyan 1 ce kacal, daga kuɗin shiga dala biliyan 3.7. Masu saye ke nan sun yarda su biya ribar shekara ɗari da ɗoriya a lokaci guda. Shekara goma bayan haka, a watan Nuwamban 2022, kamfanin, wanda a lokacin ya riga ya koma Meta, yana cin ribar da ta haura dala biliyan 23 a shekara, amma kasuwa ta ƙi taya shi fiye da kimanin ninki goma na ribarsa. Me ya sa aka sayi kamfani da tsada lokacin da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, aka kuma yi masa tayin wulaƙanci lokacin da ribar ta ninka sau ashirin? Amsar wannan tambaya ita ce ke bambance riba da daraja.

Riba abin da ya riga ya faru ne, ana iya ƙirga ta a littafin kamfani. Daraja kuwa zato ce a kan abin da bai zo ba tukuna. Ana samun ta ne idan aka ninka farashin hannun jari ɗaya da adadin hannayen jarin kamfanin, farashin kuma masu saye da sayarwa ne ke yanke shi kowace rana. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne a raba darajar da ribar shekara. Mai son sayen gidan haya yakan yi irin wannan lissafi: ya tambayi hayar shekara, ya duba shekara nawa zai yi kafin kuɗinsa su dawo. In unguwar tana bunƙasa, zai biya da tsada don ya san haya za ta tashi. In mutane sun fara tashi daga unguwar, ko da gidan a cike yake yau, ba zai taya da kyau ba.

Sai mu duba inda ribar take fitowa. Sama da kashi 97 cikin ɗari na kuɗin shigar Meta daga talla ne. Mafi yawan masu amfani da Facebook ko Instagram ba sa biyan ko sisi. Mai biya shi ne ɗan kasuwan da ke son kayansa su bayyana a gaban wanda ake kyautata zaton zai saya. Duk lokacin da mutum ya buɗe manhajar, kwamfutocin kamfanin kan yi gwanjon gurbin tallar da zai gani tsakanin masu talla, cikin ƙiftawar ido. Abin da ke ɗaga farashin gurbin shi ne yawan abin da kamfanin ya sani game da mutumin: shekarunsa, garinsa, abin da yake tsayawa ya kalla, da abin da ya taɓa nema. Ga kuma wani sirri da ya sa ribar take da kauri. Gidan talabijin sai ya biya kuɗi ya shirya abin da za a kalla, jarida sai ta biya 'yan rahoto, amma hotuna da bidiyo da rubuce-rubucen da ke riƙe mutane a Facebook, mafi yawansu mutanen ne ke samar da su kyauta. Shi ya sa a 2021, cikin kowace dala 100 da ta shigo, kimanin dala 40 ke saura bayan an cire kuɗin gudanarwa, kafin haraji. Kamfanoni kaɗan ne masu girmansa ke samun haka.

Sai dai masu amfani da kafar ba kuɗinsu ɗaya ba a idon mai talla. A watanni ukun ƙarshe na 2023, kamfanin ya bayyana cewa kowane mai amfani da Facebook a Amurka da Kanada ya kawo masa kimanin dala 68, na Turai dala 23, na yankin Asiya dala 5 da rabi, na sauran duniya kuma, inda Afirka take, dala 4 da rabi. Mutum ɗaya a Amurka ke nan ya kai wajen mutum goma sha biyar na rukuninmu. Wannan ya nuna cewa ƙirga kawuna kaɗai ba ya gaya mana darajar kamfanin sada zumunta. Inda jama'a ke ƙaruwa daban, inda kuɗi suke daban.

Kasuwa ta fara jarraba kamfanin tun a watanninsa na farko. A takardun da ya gabatar kafin sayar da hannun jari, shi da kansa ya ce ba ya samun wani kuɗin kirki daga masu shiga ta wayar hannu, alhali jama'a na barin kwamfuta suna komawa waya. Zuwa farkon Satumban 2012 farashin ya faɗi ƙasa da dala 18, wato fiye da rabin darajar ya tafi. Tsoron yana da dalili, domin ƙaramin allon waya ba shi da gefen da za a liƙa talla. Mafitar da kamfanin ya samu ita ce cusa tallar a tsakiyar labaran da mutum ke bi da yatsa, ta yadda ba zai iya kauce mata ba. Zuwa ƙarshen 2013, fiye da rabin kuɗin talla daga waya yake fitowa, farashin kuma ya wuce dala 38. Ga Instagram da kamfanin ya saya a 2012 a kan dala biliyan 1, lokacin ba ya kawo ko kwabo, daga baya ya zama ɗaya daga cikin manyan hanyoyin kuɗin kamfanin. Waɗanda suka biya ninki ɗari a 2012 kuma suka yi haƙuri ba su yi asara ba, domin ribar 2021 ta kai dala biliyan 39.4, kuma a watan Yunin shekarar darajar kamfanin ta taɓa dala tiriliyan 1.

Shekarar 2022 ce ta fi cancantar a tsaya a kanta. Kuɗin shiga ya sauka daga dala biliyan 117.9 zuwa 116.6, raguwar kimanin kashi 1 cikin ɗari. Riba ta sauka zuwa dala biliyan 23.2, wato raguwar kimanin kashi 41. Farashin hannun jari kuwa ya zube da kusan kashi 64 a cikin shekarar. A ranar 3 ga Fabrairu kaɗai ya faɗi da kashi 26, sama da dala biliyan 230 suka ɓace a wuni guda, bayan kamfanin ya sanar da cewa masu shiga Facebook kullum sun ɗan ragu, karo na farko a tarihinsa.

Abubuwa da dama ne suka haɗu. Kamfanin Apple ya sauya ƙa'idar wayoyinsa a 2021, ya wajabta wa kowace manhaja neman izini kafin ta bi diddigin mutum a wasu manhajoji. Mutane da yawa suka ƙi, Meta kuma ya ƙiyasta cewa hakan zai ci masa kimanin dala biliyan 10 a 2022. TikTok na janye matasa. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 4 cikin ɗari, kuma idan kuɗin ruwa ya tashi, ribar da ake jira nan da shekara goma takan rage ƙima a lissafin yau. Amma duk waɗannan sun taɓa kuɗin shiga ne kaɗan, kamar yadda alƙaluma suka nuna. Abin da ya cinye ribar shi ne kashe kuɗi, wanda ya ƙaru da kashi 23 cikin ɗari a shekarar da ciniki bai ƙaru ba. Sashen Reality Labs, mai ƙera tabarau da na'urorin duniyar kwaikwayo da shugaban kamfanin, Mark Zuckerberg, ya ƙwallafa rai a kanta, ya yi asarar dala biliyan 10.2 a 2021, sannan 13.7 a 2022.

A nan ne, a ganina, ainihin matsalar darajar Meta take. Hannun jarin kamfanin iri biyu ne: wanda ake sayar wa jama'a yana da ƙuri'a ɗaya, wanda Zuckerberg ya fi riƙewa yana da ƙuri'a goma. Da kimanin kashi 13 cikin ɗari na mallakar kamfanin, yana riƙe da kusan kashi 60 na ƙuri'u. Ko da duk sauran masu hannun jari sun haɗa kai, ba za su iya tsige shi ko hana shi kashe kuɗi ba. Abin da ya rage musu kawai shi ne su sayar, kuma abin da suka yi ke nan. Faɗuwar 2022 ba hukunci ba ce a kan sana'ar talla, domin manhajojin kamfanin sun kawo ribar gudanarwa ta sama da dala biliyan 42 a shekarar. Hukunci ne a kan rashin tabbacin cewa ribar za ta iso hannun masu jari.

Abin da ya biyo baya ya ƙarfafa wannan fahimta. A Nuwamban 2022 kamfanin ya sallami ma'aikata 11,000, a Maris na 2023 ya sanar da sallamar wasu 10,000. Bai kamata a wuce wannan adadi kamar lamba kawai ba, domin iyalai ne suka rasa abin dogaro saboda ɗaukar ma'aikata barkatai da shugabanni suka yi. Amma kasuwa ta karanta shi a matsayin alamar cewa an ji kukanta, farashin kuma ya kusa ninkawa sau uku a 2023. A Fabrairun 2024 kamfanin ya sanar da rabon riba ga masu hannun jari karo na farko, santi 50 a kan kowane hannun jari. Shekarar ta ƙare da kuɗin shiga dala biliyan 164.5 da riba dala biliyan 62.4, daraja kuma ta kusa dala tiriliyan 1.5, wato kimanin ninki 24 na riba. Abin lura shi ne asarar Reality Labs ba ta ragu ba, ta ma ƙaru zuwa dala biliyan 17.7 a 2024. Kasuwa ta daina damuwa da ita ne kawai saboda ribar talla ta rufe ta.

Kada a ɗauka kowane kamfanin sada zumunta haka yake. Twitter ya shiga kasuwa a 2013, bai ci ribar shekara ba sai a 2018 da 2019, kuma lokacin da Elon Musk ya saye shi a kan dala biliyan 44 a Oktoban 2022, kuɗin shigarsa na shekara bai wuce dala biliyan 5 da 'yan kai ba. Suna da tasiri a siyasa ba su ne riba ba. Mai talla yana bin inda jama'a suka fi yawa kuma aka fi saninsu, shi ya sa babba ke kwashe kaso mafi tsoka.

Tarar da hukumomi ke ci ma ba ta cika girgiza darajar ba. Hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta ci kamfanin tarar dala biliyan 5 a 2019, hukumar kare bayanai ta ƙasar Ireland ta ci shi Yuro biliyan 1.2 a 2023, hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya kuma dala miliyan 220 a Yulin 2024. Wannan ta ƙarshe ba ta kai ribar kwana biyu ta shekarar ba. Abin da masu jari ke tsoro shi ne dokar da za ta hana tattara bayanai ko ta raba kamfanin, domin ita ce za ta taɓa shi kansa gwanjon tallar.

Yanzu kuɗin sun karkata zuwa ƙirƙirarriyar basira. A 2024 kaɗai kamfanin ya kashe kimanin dala biliyan 39 wajen gina cibiyoyin adana bayanai da sayen na'urori. Kamfanin da a da ba ya buƙatar jari mai nauyi ya fara zama mai cin jari, kuma irin waɗannan na'urori kan tsufa cikin 'yan shekaru, ana cire ƙimarsu daga ribar gobe. Wani ɓangare na wannan kashe kuɗi yana gyara yadda ake zaɓar wa mutum talla da bidiyo, ana kuma ganin amfaninsa a ciniki. Sauran kuwa caca ce a kan abin da bai fara biya ba. Saboda haka ninki 24 na ƙarshen 2024 farashi ne mai kyau ga sana'ar tallar, amma bai bar wa mai saye wani rangwame ba idan cacar ta ci tura. Duk wanda zai sa kuɗinsa a wannan kamfani, ya fara karanta sashen kashe kuɗi na rahotonsa kafin sashen riba, ya kuma san cewa ƙuri'arsa ba za ta sauya ko dala ɗaya a cikinsa ba.